LIKITA HANSEN, MUTUMIN DA YA GANO ƘWAYAR CUTAR KUTURTA

Duk mutumin da ya tashi a Gomari ko wata unguwa ta birnin Yerwa ya san sunan Molai, ƙauyen nan da ke kan hanyar Damboa, 'yan mil kaɗan kudu da gari, inda Turawan mishan suka kafa asibitin kutare tun zamanin mulkin mallaka. Haka mutumin Kano ya san Yadakunya, Bakatsine ya san Babbar Ruga, Basakkwace ya san Amanawa, Bazazzagi kuwa ya san Saye. Sunaye ne da a da ba a son ambatonsu a gidan biki, domin in aka ce an kai wane can, to, mutane sukan ɗauka shi da danginsa sai a Lahira.

Har yanzu a cikin 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal akwai masu cewa kuturta gado ce, in ta shiga gida ba ta fita. Waɗansu su ce cin kifi da madara ke kawo ta, waɗansu su ce sammu ne, waɗansu kuma su ce sakamakon rantsuwar ƙarya ne. Saboda irin wannan zato an fasa aure da yawa, an kori yara daga makaranta, an hana mutane haya. Alhali kuwa yau shekara fiye da 150 ke nan da wani likita ya ga abin da ke kawo wannan cuta da idonsa. Sunansa Gerhard Armauer Hansen, mutumin ƙasar Norwe, kuma don tunawa da shi ne likitocin duniya suke kiran kuturta da sunan cutar Hansen.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Hansen ran 29 ga watan Yuli, 1841, a Bergen, wani birnin masunta da 'yan kasuwa a bakin teku, yammacin Norwe, can ƙuryar arewacin Turai inda sanyi ya yi gida. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya 15. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, amma karayar arziki ta same shi tun Hansen yana yaro, saboda haka da ya shiga jami'a a birnin Kiristiyaniya, wanda yanzu ake kira Oslo, da guminsa ya ɗauki nauyin kansa, yana koyar da waɗansu yana biyan kuɗin karatu. Ya sami digirin likita a 1866. Ya ɗan yi aiki a babban asibitin ƙasar, daga nan aka tura shi tsibiran Lofoten ya duba masunta. A 1868 ya komo garinsu, ya kama aiki a asibitocin kutare.

Mai karatu zai yi mamakin jin kutare a ƙasar Turawa. To, a wancan zamani Norwe matalauciyar ƙasa ce. Manoma da masuntan yammacinta suna kwana a cunkushe cikin 'yan ɗakuna saboda sanyi, abinci bai wadata ba, tsabta kuwa sai a hankali. Kuturta ta riga ta ja da baya a yawancin ƙasashen Turai, amma a nan sai ƙaruwa take yi. Da gwamnati ta buɗe littafin rajistar kutare a 1856, wanda shi ne irinsa na farko a duniya da ya haɗa ƙasa baki ɗaya, an ƙidaya mutum kusan 3,000. A Bergen kaɗai asibitin kutare uku ne.

SAƁANI DA MAIGIDANSA

Shugaban da Hansen ya tarar shi ne Likita Daniel Danielssen, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi sanin kuturta a Turai. Shi da abokinsa Carl Boeck sun wallafa babban littafi a kan cutar a 1847, inda suka bayyana kamanninta dalla-dalla, suka kuma yanke cewa gadonta ake yi a cikin jini. Danielssen yana da hujjarsa. Ya ga cutar tana bin gida-gida, uba da ɗa, uwa da 'ya. Ya ga ma'aikatan asibiti suna shekara da shekaru cikin kutare ba su kamu ba. Har ma ya sha ɗibar ruwan ƙurjin majiyyata ya sa a jikinsa da na waɗansu ma'aikata, ba wanda ya kuturce. Saboda wannan ra'ayi aka riƙa raba maza da mata a asibiti, har waɗansu suka nemi a yi doka ta hana kutare da 'ya'yansu aure.

Hansen yaro ne ɗan shekara 27, amma tun bai daɗe ba zuciyarsa ta ƙi kwanciya da wannan magana. A 1870 ya sami tallafin ƙaro ilmi, ya tafi Bon ta Jamus da Biyana ta Ostiriya, ya ƙware wajen duba naman jiki da madubin likita, wato na'urar nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Da ya komo sai ya shiga ƙauyuka a 1871 da 1872, yana bin gidajen kutare yana tambayar asalinsu, yana kuma gwada abin da ya ji da abin da ke cikin littafin rajista.

Abu biyu ya gano. Na farko, akwai mutanen da babu kuturu ko ɗaya a zuriyarsu, amma da suka zauna wuri ɗaya da mai cutar suka kamu. Na biyu, gundumomin da aka fi kwashe majiyyata zuwa asibiti, nan ne sababbin kamu suka fi saurin raguwa. In da gado ne, ɗauke mara lafiya daga gida ba zai hana 'yan'uwansa kamuwa ba, tun da jinin yana jikinsu. Ashe abin da ya sa cutar take bin gida shi ne mutanen gida su ne suke kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne Danielssen ya zama surukinsa. A watan Janairu na 1873 Hansen ya auri 'yarsa Stephanie. Auren bai yi tsawon rai ba, domin tarin fuka ya kashe ta a watan Oktoba na wannan shekara. Duk da saɓanin ra'ayi da wannan rashi, mutanen biyu ba su rabu ba, suka ci gaba da aiki tare. Da Hansen ya sake aure a 1875 ya sami ɗa namiji, sunan Danielssen ya sa masa.

RANAR DA AKA GA ƘWAYAR

Tsakanin ɗaurin auren nan da rasuwar amarya ne abin da ya ɗaukaka sunansa ya auku. Ran 28 ga watan Fabrairu, 1873, ya yanko ɗan nama daga ƙullutun fatar wani majiyyaci, ya sa a ƙarƙashin madubi. A cikin ƙwayoyin naman ya ga waɗansu 'yan abubuwa sirara, miƙaƙƙu kamar guntayen tsinke. Ya sake dubawa a jikin waɗansu majiyyata, ya same su. A 1874 ya rubuta dogon rahoto ga ƙungiyar likitocin Norwe, ya bayyana abin da ya gani, ya nuna cewa ga alama su ne mafarin cutar.

Sai a tuna cewa a lokacin yawancin likitoci ba su yarda wani ɗan mitsitsin abu mai rai zai iya kayar da ƙaton mutum ba. Sai bayan shekara tara, a 1882, Bajamushen nan Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka. Saboda haka ƙwayar da Hansen ya gani, wadda masana suke kira Mycobacterium leprae, tana cikin na farkon farko da aka danganta da wata cutar ɗan Adam. Abokan aikinsa da yawa dariya suka yi masa, surukinsa ma bai gamsu ba.

Gani daban, tabbatarwa daban. Ƙa'idar masana ita ce a raba ƙwayar da jikin mara lafiya, a rene ta a cikin kwalba, a sa wa dabba mai lafiya, a ga ta kamu. Hansen ya gwada da zomaye da waɗansu dabbobi, bai dace ba. Ya gwada renonta, ta ƙi tsira. Ba laifinsa ba ne. Har yau ɗin nan babu wanda ya iya renon ƙwayar kuturta a cikin kwalba, sai a jikin abu mai rai.

A 1879 wani saurayin likita Bajamushe, Albert Neisser, wanda ya gano ƙwayar ciwon sanyi, ya ziyarci Bergen. Hansen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya nuna masa majiyyata, ya ba shi guntayen nama ya tafi da su. Neisser ya fi shi sanin dabarar rina ƙwayoyin cuta don su fito fili. Da ya koma gida ya rina su, suka fito sarai, ya wallafa sakamakon ta yadda mutane za su ɗauka shi ne mai ganowa. Aka yi ta ja-in-ja a mujallun likitoci. Daga baya duniya ta bai wa Hansen haƙƙinsa na wanda ya fara gani, aka kuma yaba wa Neisser a kan rinin da ya kawar da shakka.

BABBAN LAIFINSA

A cikin wannan hali na ƙaguwa da neman hujja ne Hansen ya tafka abin da ya zame masa tabo har bayan ransa. Ran 3 ga watan Nuwamba, 1879, ya kira wata majiyyaciya 'yar shekara 33, wadda ta daɗe a asibiti tana fama da irin kuturtar da ke kama jijiya. Yana so ya ga ko za a iya dasa mata ɗaya irin, mai fitar da ƙullutu. Bai gaya mata nufinsa ba, bai nemi yardarta ba. Matar ta tsorata, ta yi kuka, ta nuna ba ta so, amma aka zaunar da ita, ya ɗauki 'yar wuƙar aikin ido wadda ya riga ya shafa a ƙullutun wani majiyyaci, ya tsaga fatar idonta. Ƙullutu bai fito ba, amma ta sha ciwo mako da makonni.

Matar nan talaka ce, kuturwa, ba ta da kowa a fada, amma ba ta yi shiru ba. Ta kai kuka, magana ta isa ga hukuma, aka gurfanar da babban likita a gaban alƙali. Hansen bai yi musun abin da ya yi ba. Hanzarinsa shi ne ya san ba za ta yarda ba in ya tambaye ta, kuma yana ganin amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi wahalarta. Waɗansu manyan likitoci suka goya masa baya. Kotu ba ta karɓi wannan hanzari ba. A watan Mayu na 1880 aka same shi da laifi, aka tuɓe shi daga aikin likitan asibitin, aka sa ya biya kuɗin shari'a. Sai dai gwamnati ta bar masa ɗaya muƙamin nasa, na babban jami'in yaƙi da kuturta na ƙasa duka, wanda ya riƙe tun 1875.

Har gobe ana karantar da wannan shari'a ga ɗaliban likitanci, domin tana cikin na farko da suka tabbatar da cewa jikin mara lafiya nasa ne, ko shi wane ne, kuma ilmin likita bai ba shi ikon gwaji a kan mutum ba sai da saninsa da yardarsa.

DOKAR KEƁEWA

Tun da magani bai samu ba, abin da Hansen ya sa a gaba shi ne tare hanyar yaɗuwa. A Norwe ta wancan zamani akwai al'adar zagayawa da gajiyayyu gida-gida, wannan gida ya ciyar da su kwana kaza, wancan ya karɓa. Dokar 1877 ta hana a yi haka da kutare. Dokar 1885 ta fi tsanani, domin ta ce mai cutar ya zauna a ɗakinsa shi kaɗai da kwanonsa da shimfiɗarsa, in kuwa hakan ba za ta yiwu ba hukuma tana da ikon kai shi asibiti ko bai so ba. Mutane da yawa sun soki dokar, suna cewa an mai da mara lafiya ɗan fursuna.

Don ya ƙara kafa hujja, a 1888 Hansen ya ƙetare teku zuwa Amurka, ya bi sawun mutanen Norwe da suka yi ƙaura zuwa jihar Minesota da maƙwabtanta, cikinsu har da kutare da 'ya'yan kutare. Ya tarar a can, inda gidaje suke da faɗi, abinci ya wadata, kowa da gadonsa, cutar ba ta bi 'ya'ya da jikoki ba. Jini ɗaya ne, zama ne ya sake. Wannan ya karya maganar gado.

A taron duniya na farko a kan kuturta, wanda aka yi a Barlin a 1897, likitoci suka amince cewa ƙwayar Hansen ce sanadi, suka kuma ba da shawarar keɓe majiyyata. Taro na biyu a Bergen aka yi shi a 1909, Hansen ne shugaba. Amma ko a lokacin akwai masu gardama. Wani shahararren likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya tsaya kai da fata cewa cin ruɓaɓɓen kifi ne ke kawo kuturta, har ya rubuta littafi a kai. Ashe zargin kifi ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba, kuma can da nan duka bincike bai gaskata shi ba.

Yawan kutare a Norwe ya faɗi daga wajen 1,800 a 1875 zuwa ƙasa da 600 a farkon ƙarni na 20. Hansen ya ɗauka dokarsa ce ta yi aiki. Masanan yau suna ganin ta taimaka, amma samun abinci da gyaruwar gidaje su ma sun yi nasu. Wani abin baƙin ciki kuma shi ne yadda waɗansu ƙasashe suka ɗauki shawarar keɓewa suka wuce gona da iri, suka riƙa kwashe mutane zuwa tsibirai, suna raba uwa da jaririnta. Tsoron kamun hukuma ya sa masu cutar suka riƙa ɓoyewa har ta ci jikinsu.

Hansen bai bar aiki ba har ƙarshen ransa, ko da yake ciwon zuciya ya daɗe yana damunsa. Ya rasu ran 12 ga watan Fabrairu, 1912, a garin Floro, yana kan rangadin aiki, yana da shekara 70. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin jana'izarsa. Bai ga maganin cutar da idonsa ba.

ABIN DA AKA SANI BAYANSA

Binciken da aka yi daga baya ya warware abubuwan da suka ɗaure wa Hansen da surukinsa kai. Ƙwayar kuturta ita ce sarkin nawa a cikin ƙwayoyin cuta. Waɗansu ƙwayoyin sukan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta yi wajen mako biyu. Shi ya sa mutum yakan ɗauke ta shekara biyar, wani har 20, kafin alama ta fito, lokacin ya manta da wanda ya zauna da shi. Kuma wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ta da kansa. Wannan ne dalilin da Danielssen ya sa wa kansa bai kamu ba. Galibi tana fita ne ta hanci da baki, cikin atishawa da tari na wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an yi doguwar cuɗanya. Gaisawa da hannu, ko zama kusa a mota, ko karɓar canji, ba sa kawo ta.

Ƙwayar tana son wurin da ya fi sanyi a jiki, wato fata, da hanci, da fatar kunne, da jijiyoyin da ke kusa da fata kamar na gwiwar hannu. A 1960 wani Ba'amurke, Charles Shepard, ya yi dabarar renonta a tafin ƙafar ɓera. A 1971 aka gano tana kama wata dabbar Amurka mai suna amadilo, mai sulke a baya kamar kunkuru, saboda jikinta ba shi da zafi sosai.

Mutane suna zaton cutar ce take cinye yatsu. Abin da take yi shi ne kashe jijiyar da ke kai saƙon zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta ji ƙuna ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni da ita, gyambo ya shiga, ya kai ga ƙashi, yatsa ya riƙa gajercewa. Likita Paul Brand ne ya bayyana wannan a Indiya. Ma'anarsa ita ce wanda aka yi wa magani kafin jijiya ta mutu ba zai dungulmi ba.

RABON NIJERIYA A CIKIN AIKIN

A ƙasar nan an kafa zangon kutare na Itu a 1928, na Garkida a 1929, na Uzuakoli kusa da Umuahiya a 1932. A 1937 mishan ɗin S.I.M. ta karɓi riƙon zangunan lardunan Kano da Katsina da Sakkwato bisa yarjejeniya da En'e. A lokacin babu wani magani sai man wani itacen Indiya da ake kira calmugura, allurarsa ga zafi, amfaninta kaɗan.

Haske ya fara fitowa a 1941 a asibitin Carville na Amurka, inda aka gwada wata allura mai suna Promin. Amma a nan ƙasar, a Uzuakoli, Likita John Lowe ya nuna wajen 1949 cewa ƙwayar dafson, in aka ba da ita kaɗan-kaɗan ta baki, tana kashe cutar ba tare da ta yi wa mutum lahani ba. Ga ta da araha ƙwarai. Wannan ya sa a shekarun 1950 Likita Charles Ross ya baza ƙananan wuraren shan magani a garuruwa da ƙauyukan Jihar Arewa, mutum ya zo ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa, ba sai an raba shi da iyalinsa ba. Har ila yau a Uzuakoli ne Likita Stanley Browne da abokin aikinsa Hogerzeil suka ba da rahoto a 1962 cewa wani sabon magani, kulofazimin, yana aiki. Saboda haka biyu daga cikin magunguna uku da duniya take amfani da su yau, a Kudancin Nijeriya aka tabbatar da amfaninsu, a jikin 'yan ƙasar nan. A Habasha kuwa an buɗe cibiyar bincike mai sunan Hansen a Adis Ababa a 1970.

Da aka ga ƙwayar cutar ta fara jure wa dafson, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin. Mai tabo kaɗan wata shida yake sha, mai yawa wata 12. Tun 1995 kyauta ake ba da wannan magani ko'ina a duniya. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da ake nema, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000. Amma wannan ba ya nufin cutar ta ƙare. A 'yan shekarun nan akan sami sababbin kamu wajen 2,000 kowace shekara a ƙasar nan, a duniya kuwa wajen 200,000, kuma da yawansu ba sa zuwa asibiti sai hannu ko ƙafa ta riga ta lalace.

ABIN LURA GA MAI KARATU

Ba kowane tabo ne kuturta ba. Makero da ƙazuwa suna ƙaiƙayi, ƙyasfi yana da ɗan gari-gari a kansa, mai albaras kuwa yana jin taɓi a farin wurin. Tabon da ya kamata a yi hanzari a kansa shi ne wanda ya fi sauran fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, in an shafa masa auduga mutum ba ya ji. Haka kuma mutuwar yatsu ko tafin ƙafa, da kaurin fatar kunne, da zubewar gashin gira. Wanda ya ga haka a jikinsa ko jikin ɗansa, ya nufi asibitin gwamnati mafi kusa, ya tambayi sashen tarin fuka da kuturta, domin tare ake kula da su. Ba sai ya jira komawa gida da damina ba, kuma ba a tambayar mutum jiharsa kafin a duba shi. Wani lokaci za a ɗan tsaga fatar kunne a ɗebi ruwa a duba da madubi, ana neman 'yan tsinkayen nan da Hansen ya gani a 1873.

Mutanen da ake gani da dungu a bakin kasuwa da tashar mota, yawancinsu sun warke tuntuni, tabon da cutar ta bari ne kawai, ba sa ɗauke da abin da za su shafa wa kowa. 'Ya'yansu kuwa lafiyayyu ne kamar 'ya'yan kowa, babu dalilin hana su aure ko makaranta ko sana'a. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wato dai in da hali ƙyama takan kau. To, ilmi ya fi kuɗi cancantar kawar da ita.

Tsohon asibitin kutare na Bergen, inda majiyyatan ƙarshe suka rasu a 1946, yanzu gidan tarihi ne da baƙi suke zuwa kallo. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu wannan cuta a duniya. Allah ya kawo ranar da Molai da Yadakunya da Amanawa su ma za su zama wuraren tarihi, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.